Bindigar da Na Zaɓa wa Baba Isufu

Tun ranar da na komo Damagaram ban zauna a majalisa ba face wani ya ce, "To Malam Sanusi, yaya ka baro Faransa?" Na amsa da baki har na gaji, kuma na lura duk lokacin da na maimaita labarin sai in rage wani abu ko in ƙara. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya gudana, wanda ya tambaya in miƙa masa. Masu jiran labarin dogayen benaye su yi mini afuwa, ba kallo ya kai ni ba.

Abu biyu suka kai ni. Na farko, jami'a ta samar mini wata guda in duba takardun mazan jiya na ƙasarmu da ke ajiye a Paris, saboda kundin da nake rubutawa a fannin tarihi. Na biyu saƙon kakata ne, Hajiya Hajo. Tana yarinya aka ɗauki wanta Mamman soja, a zamanin Nasara, aka kai shi yaƙin Aljeriya, bai dawo ba. Takarda ta zo wurin kumandan cewa ya rasu, ba ta ƙara kalma ɗaya a kan haka ba. Fiye da shekara sittin, abin da ya hana Kaka sakewa tambaya ɗaya ce: an yi masa salla, ko kuwa rami kawai aka tura shi? Bara sai labari ya iso cewa Isufu na Mirriya, wanda aka ɗauke su rana ɗaya da Mamman, yana nan da rai a Lyon wurin 'yarsa. Da na je sallama, Kaka ta riƙe hannuna ta ce, "Ba na son tsaraba. Wannan kaɗai za ka tambayo mini."

Motar Yamai ta tashi bayan asuba. Na samu wuri kusa da wani Alhaji mai fataucin fata, wanda da ya ji inda zan tafi ya shiga yi mini nasiha a kan sanyin Turai har Maraɗi, alhali lokacin zafinsu zan isa. Taya ta fashe mana bayan Konni, muka yi azahar da la'asar a gindin wata bishiyar bedi, Alhaji na ci gaba da bayanin sanyi. Daga Yamai jirgi ya yada zango sau ɗaya kafin Paris.

A bakin shiga, jami'in da ya karɓi fasfona ya tambayi inda zan sauka da ranar da zan koma, ya buga hatimi, bai ɗago kai ba. Wurin masu binciken kaya ne aka samu tangarɗa. Mahaifiyata ta ƙulla wa ƙanenta kilishi a takarda uku. Na yi wa jami'ar bayani da Faransancin littafi cewa busasshe ne, an gasa shi, yana shekara bai lalace ba. Ta saurare ni har na ƙare, sa'an nan ta ce nama dai nama ne, doka ta hana. Ina kallo aka jefa shi cikin wani babban kwando.

Kawu Laminu, ƙanen mahaifiyar tawa, direban bas ne, yana zaune a La Courneuve, hawa na goma sha ɗaya. Ya ba ni ɗakin ɗansa da ke karatu a wani gari. Abin da ya fara ɗaure mini kai a ƙasar nan sha'anin gaisuwa ne. A cikin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutum ɗari za su matsu, kafaɗa na gogar kafaɗa, ba mai ce wa wani sannu. Amma ka shiga kantin burodi ba ka ce bonjur ba, sai a dube ka kamar wanda ya shiga gidan mutane ba sallama. Rana kuma ba ta faɗuwa da wuri a wannan lokaci. Na sha zama da alwala ina jiran magariba har ciki ya fara kiran tuwo karo na biyu.

'Yar Kawu, Nafisa, a can aka haife ta, kuma aikinta gashin ƙashi a wani asibitin tsofaffi. Taubashiyata ce, don haka ba ta raga mini ko kaɗan. Tun daren farko ta raɗa mini Farfesa, saboda na gyara mata wata kalma.

"Farfesa, za ka ci ko sai ka rubuta tarihin miyar tukuna?"

"Ki bari in ji ko miya ce da farko."

"Ah bon! Wanda aka ƙwace wa kilishi a aeropor shi ke da baki."

Sati uku na yi ina jeka-ka-dawo tsakanin gida da ma'ajiyar takardu. Na samu sunan Mamman a wani rajista, da lambarsa, da layi ɗaya cewa ya mutu a bakin aiki. Game da salla ko kabari, babu komai. Sai na kira Hajiya Rabi, 'yar Baba Isufu. Bayan gaisuwa ta gaya mini gaskiya.

"Ɗana, ban hana ka zuwa ba, amma kada ka sa rai. Idonsa ya tafi shekara biyar ke nan, kuma tunanin yana zuwa yana komawa. Zancen yaƙin nan ko mu bai taɓa yi mana ba. In an matsa masa sai ya ce hannunsa ne ya sani, ba bakinsa ba. A ba shi mat ɗinsa, in ji shi."

Mat ita ce ƙaramar bindigar nan mai ɓarin harsashi da sojan Faransa suka riƙe a wancan zamani, wadda littattafai ke kira MAT 49. Na rubuta maganar Hajiya a littafina kalma da kalma, har da batun ido. Ina so mai karatu ya riƙe wannan, domin ni na rubuta ne kawai, ban riƙe ba.

Kawu ya ce akwai kantuna a Paris masu sayar da kayan soja na da, da bindigogin kwaikwayo waɗanda ba sa harbi, na masu shirya fim da masu ado da su. Ranar Asabar na bi layin metro na huɗu na sauka Château Rouge tukuna, in sayi goron gaisuwa. Nan kam sai ka rantse kasuwar Dole ta Damagaram ce aka ɗauko: masu yadi, mahauta, mata na kiran juna daga tsallaken titi. A wurin wani mutumin garin Tawa na ga kilishi jibge a faranti, na tsaya ina dubansa har ya ce, "Malam, saye ko ta'aziyya?"

Kantin bindigogin yana wani lungu, mai shi dattijon Bature ne da tabarau rataye a wuya. Na yi bonjur yadda ya kamata, na faɗi abin da nake nema. Ya shimfiɗa ƙyalle a kan tebur ya jera guda uku.

Ta farko ta gaske ce, amma an kashe ta, an toshe bakinta da walda. Ya ce wannan sai da takardun da baƙo mai bizar wata guda ba zai samu ba, don haka in dube ta kawai. Ta biyu kwaikwayo ce ta ƙarfe. Fentinta ya cika ƙyalli, ba ta da hatimin masana'anta ko lamba, kuma da na auna da hoton da na kwafo daga ma'ajiya sai na ga wayar gindinta ta ɗan fi tsawo. Sai dai gaɓoɓinta suna motsi, kuma nauyinta ya haura kilo uku kamar ta asali. Ta uku daga jikin ta gaske aka zubo ta, da wata roba mai tauri. Launinta daidai, kowane hatimi da lamba sun fito, har ƙujewar da ke gefen kunama. Dunƙule ɗaya ce, babu abin da ke motsi a jikinta, kuma yaro ma zai ɗaga ta da hannu ɗaya.

Na fi rabin sa'a ina kai ido daga hoto zuwa tebur. An koya mini cewa amanar tarihi ita ce kada ka ƙara, kada ka rage, kuma ta ƙarfen nan ta ƙara tsawo ta rage hatimi. Na nuna ta uku.

Dattijon ya sa tabarau ya dube ni. "Ta bango ce, ko ta hannu?"

Na ce, "Ta tarihi ce."

Ya ɗaga kafaɗa. Ya naɗe ta cikin kwali, ya ba ni rasit, ya ja mini kunne cewa kada in buɗe ta a titi ko a jirgi ko da wasa, domin ɗan sanda ba zai tsaya tambayar ko roba ce ba.

A gida Nafisa ta ɗaga ta da yatsa uku. "Mais wannan abin wasa ne, Farfesa."

Na nuna mata hatimin, na fara bayanin masana'anta.

"Ni ban san hatimi ba. Na san tsofaffina. Akwai wadda ta manta sunan 'ya'yanta, amma ba ta allura da zare ka ga aiki. Hannu ba ya karatu, yana ji ne."

Na ɗauka tsokanar taubasai ce, na ce ta bar wa masu abu abinsu.

Jirgin ƙasa mai sauri sa'a biyu yake yi zuwa Lyon. A tasha na ga 'yan sanda uku da kare suna tahowa wajena, kwalin na cikin jakata, rasit na cikin tafin hannuna har ya jiƙe da gumi. Karen ya wuce ni ya tsaya wurin wata mata mai cin burodi da nama. A cikin jirgin kuma wani kare ne ya kwanta kusa da ƙafata, da tikitinsa, na tattare bakin wandona har muka isa.

Les Minguettes, unguwar su Hajiya Rabi, tana kudancin gari, sai an yi metro an kuma yi taram. Hajiya Rabi ta tarbe ni da tuwon semul, na garin alkama, da miyar kuka, ta ce sai na ci kafin in ga Baba. Yana zaune bakin taga a kujera mai hannu, da farar hula, dogo ne har a zaune. Na durƙusa, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi damina, ya tambayi ko kasuwar Lahadi tana ci a Mirriya har yanzu. Na sa masa goro a hannu, ya shinshina ya yi murmushi.

"Ɗan wane ne kai?"

"Jikan Hajo ne, Baba. Ƙanwar Mamman."

Ya juya goron a tafinsa. Hajiya ta yi mini alama da ido, na buɗe kwali na ɗora masa bindigar a cinya.

Ya ɗaga ta, ya jijjiga kaɗan. "Wannan ba ta ci abinci ba."

Hajiya ta yi dariya, ni ma na yi. Shi bai yi ba. Hannunsa na hagu ya gangara zuwa gidan harsashi, babban yatsa ya nemi wani ɗan maɓalli, ya tura gaba. Ba ta motsa ba. Ya sake turawa. Ya sake, har jijiyar hannunsa ta tashi. Hatimin da na ɓata rabin sa'a a kansa yana ƙarƙashin tafinsa, bai ma san da shi ba. Daga nan ya miƙo mini ita da hannu biyu, cikin ladabi, kamar mai mayar da kwanon da ba nasa ba.

"Ɗana, wannan hoto ne. Ba ta lanƙwasa."

Ya juya fuska wajen taga ya ɗauki tazbaharsa. Na yi tambaya biyu, bai amsa ba.

A madafa Hajiya Rabi ta rage murya. "Jibi za a kwantar da shi, aikin zuciya za a yi masa. A shekarunsa ban san yadda zai fito ba, ko da wane tunani. Da hantsi ne kansa ya fi washewa. Gobe kaɗai ta rage maka."

Na duba agogo, ƙarfe biyu ta wuce. Kantin yana rufewa ƙarfe bakwai. Na bar jakar tufafina a nan, na ɗauki kwali na fita da sauri. A cikin jirgin komawa na buɗe littafina, na ga inda na rubuta da hannuna: idonsa ya tafi shekara biyar ke nan. Na zaɓa wa makaho bindiga da ido. Ban taɓa jin kunyar karatuna irin ta wannan yammaci ba.

Na isa kantin saura minti ashirin. Dattijon ya ga kwalin, ya ga fuskata.

"Ashe ta hannu ce."

Na gaya masa ko ta wane ce, da abin da nake nema a bakinsa. Ya ce mahaifinsa ma ya yi yaƙin Aljeriya, kuma har ya mutu bai ce uffan ba. Ya fito da ta gasken da ta ƙarfen. Na roƙe shi ya sa mini su a hannu ɗaya bayan ɗaya, na rufe ido. A cikin duhu ban ga ƙyallin fenti ba, ban ga tsawon waya ba. Sanyin ƙarfe ɗaya ne, nauyi kusan ɗaya. Ya kama yatsana ya ɗora a kan maɓallin, na tura, gidan harsashi ya kwanta gaba ƙarƙashin bututu, ya ce ƙyas. Ya ce in ta lanƙwashe haka, ta gaske ba ta iya tashi, shi ya sa soja ke naɗe ta in ba ya son tsautsayi. Ya karɓi ta robar ya musanya mini da ta ƙarfen.

Nafisa ba ta yi mini dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ta naɗe kwalin da tawul don kada ya yi ƙara, ta ce, "Gobe ka ba shi kawai, d'accord? Kada ka yi masa lacca."

Jirgin farko na bi. Ƙarfe tara da rabi ina durƙushe gaban Baba Isufu, muka sake gaisuwar jiya daga farko, har da kasuwar Lahadi. Na ɗora masa ita, na kama bakina.

Hannuwansa suka ɗan nutse da nauyin. Ya ce, "Yauwa." Ya zaro gindin, ya mayar. Yatsa ya tafi wurin maɓalli ba tare da lalube ba. Ƙyas. Ya buɗe, ya sake naɗewa. A karo na uku ya bar ta a naɗe, ya sunkuya a hankali ya ajiye ta ƙasa gaban ƙafafunsa, bakinta na duban gefe.

"Haka muka ajiye su," in ji shi. "Mu huɗu. Ni, da wani Bazabarme, da mutum biyu na Mali. Ba a tsayawa gaban Allah da kunama a shirye."

Hajiya Rabi ta zauna a ƙasa inda take tsaye.

"A kan dutse ne, da hantsi kamar yanzu. A wuya harsashi ya sami Mamman, bai daɗe ba ya cika. Laftana ya ce mota za ta zo ta kwashi gawa. Na ce mon laftana, wannan ɗan garinmu ne, ba mu rabin sa'a. Ya duba agogo ya ce minti ashirin. Ruwa babu, sai na gora, shi ma ya kusa ƙarewa. Muka yi masa taimama. Muka kwance rawunanmu biyu muka naɗe shi. Muka nemi gabas da rana."

"Wa ya ja sallar, Baba?"

"Ni." Ya shafa gwiwarsa. "Izu biyar gare ni kacal lokacin da aka ɗauke ni. Ban taɓa jan sallar gawa ba, gani kawai na yi ana yi. Addu'ar ma rabinta na iya, sauran na cika da abin da ya zo bakina. Muka haƙa da ƙaramin shebur, muka jera duwatsu. Da na dawo gida sau biyu ina zuwa ƙofar gidansu ina juyawa. In uwarsa ta ce mini me ka karanta, me zan ce? Ina tsoron na ɓata masa."

Nafisa ta riga ta hana ni lacca. Na nemi izini na fita baranda na kira gida. Ƙanwata ta kai wa Kaka wayar. Ba mu yi doguwar gaisuwa ba. Na gaya mata duka, da taimamar, da rawunan, da tsoron da tsohon ya ɗauka.

Ina jin kukan akuya a bayanta, sai ta jefo tambaya.

"Su nawa suka tsaya?"

"Huɗu, Kaka."

"Kabbara nawa ya yi?"

Na leƙa ɗaki na tambaya. Baba Isufu ya ɗaga yatsu huɗu, babu jinkiri.

"Huɗu."

"To ta yi," in ji Kaka. "Ka ce masa ta yi. Ka ce Hajo ta gode, Allah ya ba shi masu tsaya masa."

Na koma na durƙusa na faɗa masa, kalma da kalma, ban ƙara ba ban rage ba. Ya sa na maimaita. Sa'an nan ya shafa fuskarsa da tafuka biyu, ya laluba da ƙafa har ya taɓa ƙarfen da ke ƙasa, ya tura shi wajena.

"Ɗauke ta, ɗana. Na gama da ita. Rabi, ina goron nan na jiya?"